Makonni ukun da na yi ina neman dalilin da lambobina suka ƙi maimaituwa

Malam ya kira ni ofishinsa ne don mu duba babi na huɗu na kundina kafin a tura wa mai jarrabawa na waje. Aikina kwaikwayon yaɗuwar cuta ne a kwamfuta. Na ƙirƙiri mutanen bogi dubu goma, kowa da waɗanda yake cuɗanya da su, sai a saki cuta a cikinsu a ga yadda za ta bazu idan an yi rigakafi da kuma idan ba a yi ba. Wa zai kamu yau, wa zai warke jibi, wa zai haɗu da wa, duk ƙuri'a ce kwamfuta take jefawa da lambobin bazata. Saboda haka zagaye ɗaya ba ya nuna komai, sai an maimaita sau 2,000 an ɗauki matsakaici. Malam ya daɗe yana duban babban teburin sakamako, sannan ya ce in ƙara masa ginshiƙi ɗaya na yawan kwanakin da annobar take ɗauka kafin ta lafa. Na ce, "To, ranka ya daɗe, gobe in sha Allahu." Na kunna shirin da daddare, don awa shida yake ci a kwamfutata. Da safe sabon ginshiƙi ya fito lafiya lau, amma tsofaffin lambobin duk sun gusa. Gusawar ba ta da yawa, sai dai lambobin da na yi wa sharhi har shafi goma sha biyu, babu ko guda da ta dawo yadda take. Gabana ya faɗi. Abin da ya fara zuwa raina shi ne, idan mai jarrabawa ya nemi shirin ya kunna da kansa ya ga haka, zai ɗauka ƙirƙirar teburin na yi.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne na sa iri, wato lambar farawa da ake ba kwamfuta don lambobin bazatarta su maimaitu. A layin farko na kod ɗin akwai random.seed(42), kamar yadda kowa yake cewa a yi. Da na koma wurin Malam da wannan ƙorafi, bai ko buɗe kwamfutar ba. Ya jawo takarda ya ce, "Zauna. Ka san me iri yake yi kuwa?" Ya rubuta ƙa'ida guda: ɗauki lamba, ninka ta da 5, ƙara 3, raba da 16, ka riƙe ragowar. Ya ce in fara da 7. Na samu 6, daga 6 na samu 1, sai 8, sai 11, sai 10. Ya ce in sake farawa da 7, jerin ya dawo sak. Ya ce wannan 7 ɗin ita ce iri, kuma irin wannan dabara ce D. H. Lehmer ya gabatar tun 1949. Kwamfuta ba ta jefa ƙuri'ar gaskiya, lissafi take yi wanda sakamakonsa yake kama da bazata. Injin da ke cikin Python, harshen da na rubuta shirina da shi, ana kiran injin Mersenne Twister, Makoto Matsumoto da Takuji Nishimura na ƙasar Japan ne suka ƙera shi a 1997, kuma maimakon lamba ɗaya da ke kan takardarmu, lambobi 624 yake riƙewa a cikinsa, amma tushen abin ɗaya ne. Daga nan ya faɗi maganar da sai bayan makonni biyu na gane nauyinta: iri jerin lambobi kaɗai yake tsayarwa, ba ya tsayar da wanda zai karɓi kowace lamba.

A ranar na gano kuskuren farko, kuma mai sauƙi ne. Na shuka iri a random na Python, amma mafi yawan ƙuri'un da shirina yake jefawa daga NumPy suke fitowa, wato laburaren lissafi da ake ɗorawa a kan Python, shi kuwa injinsa daban ne, ba ruwansa da wancan. Idan ba ka ba shi iri ba, da kansa yake karɓo wani sabo daga tsarin kwamfutar duk lokacin da aka kunna. Na gwada don in gani da idona. Bayan random.seed(42), lambar farko 0.6394 ce da ɗoriya. Bayan np.random.seed(42), lambar farko 0.3745 ce da ɗoriya. Iri ɗaya, asalin inji ɗaya, amma hanyar da kowannensu yake bi ya cika cikinsa daga irin ta bambanta. Na cire random na Python gaba ɗaya daga shirin, na mayar da komai kan NumPy, don kada in riƙa kiwon injuna biyu. Na gwada a cikin Jupyter, manhajar da ake rubuta kod ɗaki-ɗaki a kunna kowanne daban, sau uku a jere, sakamako ɗaya. A nan ma na ɗan yi tuntuɓe, domin idan ka sake kunna ɗakin kod na ƙasa ba ka sake kunna na sama mai ɗauke da irin ba, injin daga inda ya tsaya zai ci gaba. Da na lura da haka sai na riƙa kunna komai daga sama. Na sake barin kwamfutar ta kwana tana aiki, na kwanta da murna.

Kwana biyu murnar ta yi. Na rufe komai, na sake kunna shirin daga farko don in tabbatar kafin in je wurin Malam, sai ga lambobi sun sake gusawa. Awa goma sha biyu na aikin kwamfuta sun tafi a banza. A nan ne na yi abin da ya kamata in yi tun ranar farko: na yi ƙaramin samfurin kwaikwayon, mutum ɗari biyu da zagaye ashirin, wanda yake gamawa cikin rabin minti. Duk wanda ke cikin irin wannan hali, ina roƙonsa ya fara da wannan, domin ba a farautar kuskure da gwajin da sai ka kwana ka tashi kafin ka ga amsarsa. Sannan na sa shirin ya riƙa rubuta duk abin da yake yi a fayil: kowace lamba da ya zaro, da sunan wanda aka zaro ta dominsa. Na kunna sau biyu, na kwatanta fayilolin biyu da umarnin diff, ina neman layin farko da suka rabu. Ginshiƙin lambobi iri ɗaya ne, layi bayan layi. Ginshiƙin sunaye ne ya bambanta. Lambar da ta faɗa kan mutum na 17 a kunnawar farko, a ta biyu kan mutum na 140 ta faɗa. Kamar a ce ana raba katin lamba a bakin ƙofa, katunan a jere suke ba su canja ba, amma masu layin sun sauya wuri.

Dalilin yana cikin abin da na ajiye sunayen masu ɗauke da cutar, wato set, wata ma'ajiyar bayanai ta Python. Na zaɓe shi ne don yana da saurin dubawa, kuma ba ya barin suna ya shiga sau biyu. Amma set ba ya yi wa kowa alkawarin jeri. Matsayin kowane abu a cikinsa ya dogara da wata lamba da Python yake lissafowa daga abin, kuma tun fitowar Python 3.3 a 2012, idan abin rubutu ne, ana gauraya wannan lissafin da wata lambar bazata sabuwa duk lokacin da aka tashi Python. An yi haka da gangan ne don kare shafukan intanet daga masu turo bayanan da aka shirya domin su daskarar da su. Sunayen mutanena kuwa rubutu ne, irin "m17" da "m140". Shi ya sa a cikin Jupyter komai ya yi kamar ya gyaru, tun da Python ɗin ɗaya ne bai mutu ba, amma da zarar an rufe an sake tashinsa jerin yakan canja. Na karanta cewa akwai PYTHONHASHSEED mai tsayar da wannan gaurayawa, sai na sa shi a saman kod ɗin ta hanyar os.environ. Bai yi komai ba, na ɓata yini guda a kansa. Python yana karanta shi ne a lokacin da yake tashi, kafin ya kai ga layin farko na kod ɗinka, don haka dole daga waje za a sa shi. Ko da na gane haka ban zaɓi wannan hanyar ba, domin gyaran da ya rataya a kan mutum ya tuna ya sa wani abu kafin ya kunna, wata rana sai an manta. Na bi duk wurin da shirin yake zagaya set yana zaro lamba, na naɗe shi da sorted, umarnin da ke jera abubuwa bi da bi. Wurare huɗu ne. Bayan haka na kunna ƙaramin samfurin sau talatin, ina kashe Python tsakanin kowanne, duk amsa ɗaya.

Don in huta da kwatanta dogayen fayiloli, sai na sa shirin ya riƙa buga tambarin SHA-256 na fayil ɗin sakamako a ƙarshe. Jerin haruffa da lambobi 64 ne, wanda idan ko ɗigo ɗaya ya canja a fayil ɗin, shi ma zai canja gaba ɗaya. Na tura kod da bayanai ga wani abokin karatuna, na ce ya kunna a tasa kwamfutar ya turo mini haruffa takwas na farko. Ya turo, ba su yi daidai da nawa ba. Na kira shi na ce, "Kai mutumina, ka tabbata ba ka taɓa komai ba?" Ya rantse bai taɓa ba. Da yamma muka zauna da kwamfutocin biyu gefe da gefe, tawa mai Linux, tasa mai Windows, muka bi hanyar nan ta neman layin farko da aka rabu. Wannan karon tun kafin a saki cutar aka rabu. Bayanan cuɗanyar mutane suna cikin fayiloli da yawa a folda guda, kuma ina karanto su da os.listdir, wanda yake bayar da sunaye a duk jerin da tsarin ajiyar kwamfutar ya ga dama. Tawa ta fara da wani fayil, tasa ta fara da wani. Gyaran kalma ɗaya ne, sorted ɗin nan dai. Daga baya na samu labarin cewa a 2019 wasu masana kimiyyar sinadarai a Jami'ar Hawaii sun gano irin wannan matsala a wani kod na Python da masu bincike da dama suke amfani da shi, inda amsar lissafi take canjawa gwargwadon tsarin kwamfutar da aka kunna shi a kai, saboda jerin karanta fayiloli. Wannan labari ya sanyaya mini rai, kuma ya ƙara mini tsoro.

Mako na biyu ya tafi ne a kan babbar kwamfutar sashenmu. Na gaji da jiran awa shida, sai na nemi izinin amfani da ita. Na cika takarda, Malam ya sa hannu, na jira kwana uku kafin mai kula da ita ya buɗe mini asusu. Ya ba ni kawunan furosesa takwas, sai na raba zagaye 2,000 ɗin ga ma'aikata takwas, wato ƙananan shirye-shirye takwas masu aiki lokaci guda, ta hanyar multiprocessing. Aikin ya gama cikin ƙasa da awa ɗaya. Ina duba sakamakon ɗaya bayan ɗaya, ba matsakaicin ba, sai na ga lamba guda ta fito sau takwas, wata ma sau takwas. Na ƙirga sakamakon da suka bambanta da juna, ba su kai 300 ba cikin 2,000. Abin da ya faru shi ne, a wannan kwamfutar mai Linux, Python ya haifi ma'aikatan ne ta hanyar kwafe uwar shirin da duk abin da ke cikinta, har da injin NumPy a daidai inda ya tsaya. Ma'aikata takwas, kowa da kwafin inji ɗaya, suna ta maimaita aikin juna. Wannan shi ne mafi hatsari a duk abin da na gamu da shi, domin ba ya ihu. Matsakaicin ya yi kyau, zanen ya yi kyau, amma tazarar kuskuren da zan rubuta bisa zaton zagaye 2,000 ne za ta fi ta gaskiya ƙanƙanta kusan ninki uku. Da ba a tsakiyar bincike nake ba, da haka zai shiga kundin. A kwamfutar abokina kuwa akasin haka ya faru. Windows ba ya kwafe uwa, sabon Python yake tasarwa ga kowane ma'aikaci, kuma tun da irin nawa yana cikin sashen da uwa kaɗai take kunnawa, ma'aikatan sun tashi babu iri, kowa ya samo nasa. Kod ɗaya, cuta biyu mabambanta.

Gyarana na farko shi ne in ba kowane ma'aikaci irinsa, 42 a tara da lambarsa. Maimaicin ya ɓace, amma tambarin ya ci gaba da canjawa daga kunnawa zuwa kunnawa. Sai da na kwana da abin a raina kafin na gane maganar Malam ce ta sake dawowa. Wane ma'aikaci ne zai ɗauki zagaye na 900 ya dogara da wanda ya riga gama aikin hannunsa, wannan kuwa ya dogara da abin da kwamfutar take yi a wannan daƙiƙar. Kuma ko da an tsayar da rabon, ranar da aka ba ni kawuna huɗu maimakon takwas komai zai sake canjawa. Iri ba na ma'aikaci ba ne, na aikin ne. Kowane zagaye ya kamata ya zo da irinsa a hannu, duk wanda ya ɗauke shi amsa ɗaya za ta fito.

Hanyar yin haka da kyau tana cikin sabon tsarin da NumPy ya kawo a fitowar 1.17 a 2019. Maimakon inji ɗaya na kowa da kowa da np.random.seed yake shukawa, wanda kowane ɓangaren kod, har da laburaren da ba kai ka rubuta ba, zai iya ɗiba daga ciki ba ka sani ba, sai ka ƙera injinka da default_rng ka riƙa miƙa shi hannu da hannu ga duk aikin da yake buƙatarsa. Sannan akwai SeedSequence, wanda za ka ba shi uwar iri guda, ka ce ya haifa maka 'ya'ya 2,000 da spawn, kowanne an gauraya shi yadda jerinsa ba zai bi sawun na ɗan'uwansa ba. Ɗa na 900 na zagaye na 900 ne har abada. Amma akwai farashi. Sabon tsarin ba Mersenne Twister yake amfani da shi ba, PCG64 ne, daga dangin injunan da Melissa O'Neill ta gabatar a 2014. Lambar farko ta default_rng(42) 0.7739 ce da ɗoriya, ba 0.3745 ba. Ma'ana duk wani fata na dawo da tsohon teburin ya ƙare. Gaskiya ma tun farko ya ƙare, tun da an samar da shi ne da irin da ba wanda ya rubuta, amma sai a wannan ranar na yarda da haka a zuciyata. Na je na faɗa wa Malam cewa sai na sake rubuta sharhin babin duka. Ya yi shiru kaɗan, ya ce, "Gara ka sake rubuta shafi goma sha biyu yanzu da ka tsaya gaban mutane kana kare lambar da ba za ka iya sake fitarwa ba."

Tun da ina cikin gyaran, na ƙara wani abu da ya amfane ni fiye da yadda na zata. A cikin kowane zagaye na sake raba irin gida uku: inji ɗaya na gina cuɗanya, ɗaya na kamuwa, ɗaya na warkewa. Kafin haka, idan na ƙara ƙuri'a guda a ko'ina, duk lambobin da ke bayanta sukan matsa gaba da taki ɗaya, kwaikwayon ya zama wani daban. Yanzu in na taɓa ƙa'idar warkewa, cuɗanyar tana nan yadda take. Hakan ya ba ni damar kwatanta tsarin rigakafi biyu a kan al'umma guda sak, bambancin da na gani kuma ya fi kusa da zama na rigakafin, ba na sa'a ba.

Saura abu ɗaya, wanda ya kusa sa ni kuka don gajiya. Zagayen duk sun tsaya, kowanne yana ba da amsarsa, amma tambarin fayil ɗin taƙaitawa yana canjawa jefi-jefi. Da na buga lambobin da cikakken tsawonsu sai na ga bambancin a can wajen gurbi na 16 bayan ɗigo yake. Kwamfuta tana ajiye lambobi masu ɗigo a wuri mai iyaka, don haka kowane tarawa yana zuwa da ɗan yanke. Kowa zai iya gwadawa: a Python, a tara 0.1 da 0.2 sannan a ƙara 0.3, za a samu 0.6000000000000001, amma a fara tara 0.2 da 0.3 sannan a ƙara 0.1, za a samu 0.6. Ni kuwa ina karɓar sakamako da imap_unordered, mai miƙo duk wanda ya riga gamawa, ina tarawa a jerin da suka iso. Na gyara ta hanyar ajiye kowane sakamako a gurbin lambarsa, sai an gama duka a tara daga na farko zuwa na ƙarshe. Wani zai ce gurbi na 16 ba abin damuwa ba ne, kuma a matsakaicin ƙarshe gaskiyarsa. Amma a cikin kwaikwayo, inda ake kwatanta lambar bazata da yiwuwar kamuwa, irin wannan ɗan bambanci zai iya sa mutum ɗaya ya kamu ko ya tsira, daga nan kuma duk tarihin annobar ya bi wata hanya. Masu horar da manhajar da ke koyo daga bayanai a kan katin zane (GPU) sun fi kowa sanin wannan, domin a can dubban ƙananan lissafi suke tarawa lokaci guda ba bisa jeri ba, shi ya sa a PyTorch, ɗaya daga laburarensu, bayan manual_seed akwai use_deterministic_algorithms, wanda yakan rage sauri.

Mataki na ƙarshe na takardu ne, ba na kod ba. Masu NumPy sun faɗa a fili cewa tsohon injin an daskarar da shi ba zai canja ba, amma sabon, hanyoyinsa na mayar da ɗanyun lambobi zuwa rabe-raben ƙididdiga za su iya canjawa a fitowa ta gaba idan an samu mafi kyau. Ba su kaɗai ba ne. A 2019, fitowar 3.6.0 ta harshen ƙididdiga R ta canja yadda sample yake zaɓe, har tsofaffin kod masu set.seed suka fara ba da wata amsa, sai an kira RNGversion an nemi tsohon hali. A C++ ma, ƙa'idar harshen ta tsayar da lambobin da mt19937, wato Mersenne Twister ɗinsa, zai fitar, amma ba ta tsayar da yadda uniform_int_distribution zai sarrafa su ba, don haka amsa takan bambanta daga wannan kamfaila (manhajar da ke fassara kod ɗin) zuwa wancan. Iri ba tare da lambar fitowa ba rabin adireshi ne. Na fitar da jerin laburarena da pip freeze na ajiye tare da kod ɗin, na kuma sa shirin ya riƙa rubuta wa kansa shaida a saman kowane fayil ɗin sakamako: uwar iri, fitowar Python, fitowar NumPy, lambar ajiyar kod ɗin a git (manhajar adana tarihin canje-canjen kod), da tambarin fayilolin bayanai.

Da na kai wa Malam sabon tebur ina jin na gama, sai ya tambaye ni me ya sa 42. Na ce haka na ga ana yi. Ya ce in sake kunnawa da wasu uwayen iri biyar, in kawo masa duka, kada in zaɓa. Na ji nauyin abin, amma a babbar kwamfutar yini ɗaya ne. Babban sakamakon kundin ya tsaya daram a duka biyar. Amma wani ɗan bambanci tsakanin tsarin rigakafi biyu, wanda na yi wa sakin layi guda ina fassara shi, a iri uku ya karkata nan, a biyu ya karkata can. Na cire sakin layin. Na ji zafin cire shi, domin ina son wannan fassarar, amma ba ta da ƙafa. Maimaituwa tana tabbatar da cewa wani zai iya bin sawunka ya isa inda ka isa, ba ta tabbatar da cewa wurin daidai ne. Kuma wanda ya gwada iri goma ya riƙe wanda ya fi yi masa daɗi, sakamakonsa zai maimaitu sarai alhali yaudara ce.

Ga wanda zai bi wannan hanya bayana, jerin da na bi a wahalce ba sai ya bi shi haka ba. Ya fara da ƙaramin samfuri da tambari tun ranar da ya rubuta layin farko, ya kuma gwada maimaituwa ta hanyar kashe Python gaba ɗaya, ba ta sake danna ɗaki a Jupyter ba. Ya ƙirga injunan da ke cikin shirinsa, har da na laburare, kamar random_state na scikit-learn. Duk inda ake zaro lamba a cikin zagayawa, ya tambayi kansa wa ya tsayar da jerin abin da ake zagayawa. Idan abu ya rabu, kada ya yi ta canje-canje bisa zato kamar yadda na yi da PYTHONHASHSEED, ya nemi layin farko da aka rabu, domin matsalar set da ta jerin fayiloli duk a wannan layin suka bayyana kansu. Ya duba ɗanyen sakamako da ido, ba matsakaici kaɗai ba. Sannan gargaɗi guda da ba na kundi ba: waɗannan injuna ba na kalmar sirri ko mabuɗin tsaro ba ne. Wanda ya ga lambobi 624 a jere daga Mersenne Twister zai iya gano cikinsa ya faɗi duk masu zuwa. Don irin wannan aiki akwai secrets a Python, wanda da gangan ba ya karɓar iri.

Ranar Alhamis ta mako na uku na tura wa abokina kod ɗin ƙarshe da jerin laburare. Ya girka su a sabon muhalli a kwamfutarsa mai Windows, ya kunna cikakken zagaye 2,000 da kawuna huɗu, ni kuma na kunna a babbar kwamfuta da takwas. Tasa ta ɗauki kusan awa biyu. Da ta gama ya kira ni, ya karanto haruffan ɗaya bayan ɗaya ina bi da yatsa a kan allo. Takwas muka yi alkawari, amma na ce ya ci gaba, ya karanta har na 64, duk suka yi daidai. Na kwafe tambarin na sa shi a rataye na biyu na kundin, ƙarƙashin uwar iri da lambobin fitowa, na tura wa Malam babin a daren.